Tafiyar da Ba Ta Barin Falo

A Yamai, idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma ko bayan la'asar ƙasa ba ta gama hucewa ba. Idan hunturu ne, ƙura ce ke shaƙe maƙoshi. Wata malamar makaranta mai ritaya, wadda hawan jini ya sa a gaba, ta shafe watanni tana fakewa da waɗannan uzurori biyu duk lokacin da likita ya tambaye ta batun tafiyar ƙafa. Akwai na uku da ba ta faɗa masa ba: dattijuwa mai jikoki ba ta iya zagaya unguwa da sauri ba tare da an tare ta sau goma ana tambayar ko lafiya ba.

Abin da ake nema gare ta bai taka kara ya karya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato rabin awa sau biyar. Ɗanta ne ya kawo shawarar injin tafiya, mai shimfiɗar roba da ke juyawa ƙarƙashin ƙafa. Masu sayarwa na ce masa tapi, kalmar Faransanci mai nufin darduma. Kuɗin fansho kuwa ba ya jure kuskure: in aka saya ya lalace, an gama.

Mai kanti ya fara da mafi ƙyalli, mai allo da lasifika, yana nuna rubutun kwali, ƙarfin doki 3. Sai da suka biya wurin wani mai gyaran fanka da firji, tsohon ɗalibinta, sannan maganar ta warware.

"Malama," in ji shi, "ƙarfin injin nan iri biyu ne. Akwai wanda yake kaiwa na ɗan lokaci, shi ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Akwai wanda yake iya riƙewa awa guda bai yi zafi ba, shi za ki tambaya."

Ga mai tafiya, doki 1.5 zuwa 2 na wannan ƙarfi mai ɗorewa ya wadatar. Mai niyyar sassarfa gara ya nemi 2 ko sama kaɗan. Ya kuma ƙara da abin da bai zo mata a rai ba: tafiya a hankali ba hutu ba ce ga injin. Ƙafa ta fi daɗewa bisa shimfiɗar, fankar da ke sanyaya motar kuma tana juyawa sannu, saboda haka mai nauyi da ke takawa a natse na iya gasa ƙaramin inji. Tunda nauyinta ya kusa kilo 90, wanda aka rubuta wa iyakar kilo 100 ya yi mata kusa da baki. Na kilo 120 ya fi kwanciyar hankali.

Daga nan ta koma kanti da awon tela a jaka. Ƙananan da ake turawa ƙarƙashin gado sun fi araha, amma da yawansu ba sa wuce kilomita 6 a awa, ba su da abin riƙewa, shimfiɗarsu kuma siririya ce. Tafiya kan kama daga kilomita 4 zuwa 6, sassarfa daga 7 zuwa sama, kuma da zarar an fara ta taku yakan tsawaita. Faɗin santimita 40 da tsawon 120 shi ne mafi ƙarancin abin da ta yarda da shi. Wanda ba shi da mota ma ta hau: ba ya cin wuta, farashinsa da sauƙi, sai dai a karkace yake kamar hawan tudu, kuma ƙafa ce ke tura shi. Minti biyu gwiwoyinta suka ba da amsa.

Na gwanjo ya so ya ja hankalin ɗan, don ƙarfensa ya fi kauri. To, amma irin wanda aka yi domin Amurka wutar bolt 120 yake sha, ta Nijar kuwa 220 ce, kuma ba wanda ya san shekara nawa ya yi yana aiki. Wutar ma, kuran a bakin mutanen Nijar, ita ce babbar abokiyar gaba. In ta ɗauke ana tsakiyar tafiya, shimfiɗar tsayawa take yi, shi ya sa abin riƙewa ba ado ba ne. In ta dawo da ƙarfi ko ta yi rauni, allon lantarkin ciki ke ƙonewa, kuma samun madadinsa aiki ne.

Ta zaɓi matsakaici, mai naɗewa, marar lasifika. Rarar kuɗin ta tafi kan na'urar daidaita wuta, da man silikon na shafa wa ƙarƙashin shimfiɗar, da rigar atamfa da tela ya ɗinka masa saboda ƙura. Ta kuma ɗinka wando, domin bakin zani da abu mai juyawa ba sa shiri. Ɗan makullin tsaro mai igiya, wanda in an cire shi injin ba ya tashi, ta haɗa shi da makullan ɗakin ajiya, gudun yatsun jikoki.

Ta fara da minti goma, kilomita 3 a awa, bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso. Yanzu tana cika rabin awa tana sauraren rediyo. Sassarfar ba ta gwada ba tukuna. Ta ce sai likita ya sake auna jinin.