Lambar harajin Amurka da muka biya jikka 60 a kanta, ashe kyauta ake ba da ita



Mu huɗu ne a fadarmu muke wannan sana'a ta dillancin intanet. Ga wanda bai san ta ba, kamar dillalin kasuwar dabbobi ne: ragon ba naka ba, kuɗin ba naka ba, kai dai ka haɗa mai saye da mai sayarwa ka karɓi la'ada. Bambancin kawai, namu dillancin a waya yake. Kamfani irin Amazon zai ba ka mahaɗi, wanda muke kira liyan, ka saka shi ƙarƙashin bidiyonka ko rubutunka. Wanda ya bi ta nan ya sayi kaya, ana rubuta maka wani kaso. Amazon ta fara wannan tsari tun 1996, amma mu kwanan nan ya iso hannunmu.

Ƙaramin cikinmu mai gyaran waya ne. Shi ya fara yin bidiyo da faransanci da ɗan turancin da ya iya, yana gwada fitilun sola, batura da caja. Mutanen waje suka fara kallo. Da ya zo yin rajista, sai aka buɗe masa shafin tambayoyin haraji, aka nemi lambar harajinsa. Nan ya tsaya. Ya zo fada da dare, shayi na kan wuta, ya miƙo mana wayar ya ce: "Yaya, ku duba mini abin ga, wai in ban da lamba Amurka za ta cinye kashi 30 na kuɗina."

Kashi 30 cikin 100, ga mutumin da ke sayen kiredi da kuɗin gyaran waya! Ranar ba wanda ya ji daɗin shayin.

Muka shiga bincike irin namu, wato kallon bidiyo. Duk wanda muka kalla magana ɗaya yake yi: ka nemi lambar EIN, ka saka ta, a daina yanke maka. A wani rukunin WhatsApp muka gamu da wani mai cewa aikinsa ke nan, jikka 60 kawai, kwana uku lamba ta fito. Muka yi karo-karo, ƙanen namu ya ƙara da kuɗin da yake tarawa na sayen injin narka dalma, muka tura. Bayan kwana biyar ya turo mana lambobi tara a saƙo, ba takarda, ba komai. Muka ce ina shaidar? Ya ce sai an ƙara jikka 250 ya buɗe mana kamfani a Amurka, wai a nan takardun za su fito gaba ɗaya. Da muka matsa, ya toshe mu.

Rashin sani ya fi dare duhu. Sai bayan kuɗi sun tafi muka zauna muka karanta takardun hukumar harajin Amurka da kansu, layi bayan layi, da taimakon wani malamin turanci na unguwarmu. Abin da muka gano shi muke so mu ajiye muku a nan.

EIN lamba ce mai alƙaluma tara da hukumar harajin Amurka, IRS, ke ba kasuwanci, kamar yadda NIF yake a wurinmu. Kyauta ce, ko dala ba a biya. Takardar nema ana kiranta SS-4, shafi ɗaya ce ake cikawa, kuma kowa na iya sauko da ita daga shafin hukumar. Cikawa kai tsaye ta intanet na masu zama ko kasuwanci a Amurka ne, masu lambar ɗan ƙasa ko lambar ITIN. Mu na waje hanya uku gare mu: waya, fakis ko gidan waya. Ta fakis ana ba da amsa cikin kwanakin aiki kamar huɗu, ta wasiƙa kamar mako huɗu, ban da tafiyar wasiƙar daga nan zuwa birnin Cincinnati da dawowarta. Ta waya kuwa, in takardarka ta cika, a cikin kiran ake karanto maka lambar.

Lambar kiran ta masu nema daga waje ita ce +1 267 941 1099, Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 11 na dare agogon gabashin Amurka. A agogon Nijar, suna buɗewa ƙarfe 12 na rana lokacin sanyinsu, ƙarfe 11 na safe lokacin zafinsu. Kiran ba kyauta ba ne, kuma da turanci ake magana. Mu karon farko kiredinmu ya ƙare muna tsakiyar harhaɗa sunan unguwa, laifinmu ne da ba mu shirya ba. Karo na biyu muka cike SS-4 tun kafin kira, muka rubuta suna da adireshi harafi-harafi a gaban mai magana, muka nemi wurin da rezo yake da ƙarfi. A layi na 7b, inda ake neman lambar ɗan Amurka, wanda ba shi da ita kuma bai cancanci samunta ba yana rubuta kalmar "foreign" ne, wato baƙo. A layi na 10 ana tambayar dalilin nema. Bayan an gama, hukumar na aiko da wasiƙar tabbatarwa mai suna CP 575. Ita ce shaidar da mutumin can ya kasa nuna mana. In ta ɓace, ana iya neman wata mai suna 147C.

To mun samu lamba ta gaskiya, da sunan ƙanenmu. Muka yi murna, har da gasa nama. Ashe ba ita ce maganin ciwon namu ba.

Ga yadda abin yake. Dokar Amurka ta ce in baƙo ya samu wasu nau'o'in kuɗi daga cikin ƙasarta, kamar kuɗin haƙƙin mallaka, mai biya ya riƙe kashi 30 ya miƙa wa hukuma. Abin da ke rage wannan kaso shi ne yarjejeniyar haraji tsakanin Amurka da ƙasar mutum. Faransa na da ita. A Afirka, Maroko, Tunisiya, Masar da Afirka ta Kudu na da ita. Nijar ba ta da ita, Najeriya ma haka. Sai a lokacin muka koma muka duba masu bidiyon da muka yi ta kallo: kusan duka ƴan Faransa ne da ƴan Maroko. Ba ƙarya suka yi ba, da mutanensu suke magana. Su lambar tana buɗe musu ƙofar yarjejeniya, mu kuwa ba ƙofar da za ta buɗe. Ko EIN goma ɗan Maraɗi ya tara, kashi 30 ɗin nan ba ya motsi a inda doka ta ce a yanke.

Sai dai akwai labari mai daɗi da ba wanda ya gaya mana, domin ba a samun jikka 60 da shi. A ƙa'idar Amurka, ladan aiki na ƙasar da aka yi aikin ne. La'adar dillanci ladan aiki ce. In a Maraɗi ka zauna ka ɗauki bidiyo, ka rubuta bayani, ka saka liyan, to a Nijar aka yi aikin, ko da mai sayen yana birnin New York. Abin da ake buƙata daga gare ka shi ne takardar W-8BEN, wadda a cikinta kake shaida cewa kai ba ɗan Amurka ba ne. Tambayoyin harajin nan da suka tsorata ƙanenmu, ita ce ake cikawa a cikinsu. Da ya amsa gaskiya, cewa shi mutum ɗaya ne, mazaunin Nijar, ba ya wani aiki a cikin Amurka, ba a yanke masa komai a la'adarsa ba. Takardar tana aiki har ƙarshen shekara ta uku bayan shekarar da aka sa hannu, sannan a sabunta. Kamfani mai rajista kuwa W-8BEN-E yake cikawa.

Inda yankan yake shi ne kuɗin tallan YouTube. Tun 2021 Google ke riƙe haraji a kan abin da mai bidiyo ya samu daga masu kallo na cikin Amurka, kuma ga mu marasa yarjejeniya kashi 30 ne na wannan ɓangaren kaɗai. Wanda ya ƙi cike bayanan haraji gaba ɗaya, ana iya yanke masa har kashi 24 na duk abin da ya samu a duniya. Haka masu sayar da littafi ta Amazon, abin da aka saya a kasuwar Amurka ana yankewa. Wannan ba dillalin WhatsApp da zai cire maka shi.

Maganar buɗe kamfani a Amurka da mutumin ya so ja mu ciki, nan ne muka fi gode wa Allah da kuɗinmu bai kai ba. Gaskiya ne baƙo na iya buɗe kamfanin LLC a jihohi irin Wyoming ko Delaware ba tare da ya taka ƙasar ba, kuma irin wannan kamfani yana buƙatar EIN kafin ya buɗe asusun banki. Amma ana biyan jihar kuɗi duk shekara, ana biyan wakilin da ke karɓar wasiƙun kamfanin. Abu mafi nauyi, tun shekarar haraji ta 2017 kamfanin LLC mallakin baƙo ɗaya dole ya aika takardar 5472 haɗe da 1120 duk shekarar da kuɗi suka shiga ko suka fita tsakaninsa da mai shi, ko da kuɗin buɗe shi ne kawai, yawanci kafin 15 ga Afirilu. Tarar rashin aikawa dalar Amurka 25,000 ce, abin da ya haura miliyan 10 na sefa nesa. Yaron da la'adarsa ba ta kai kuɗin man babur na wata ba, a ɗora masa wannan? Masu sayar da "kamfani cikin kwana uku" ba sa faɗin wannan ɓangaren.

Ba mu ce EIN ba ta da amfani ba. Wanda kasuwancinsa ya girma, yake da kamfani mai rajista, wani banki ko abokin hulɗa a Amurka ya nemi lambar a rubuce, ya nema, hanyar ga ta nan mun faɗa. Mai farawa da waya ɗaya da liyan biyu, mafi yawan lokaci ba ya buƙatar ta.

Akwai kuma abin da ya ba mu kunya. A takardar W-8BEN, layi na 6a yana tambayar lambar harajin ƙasarka ne. Wato NIF, wanda ma'aikatar lanho ta ƙasa, DGI, ke bayarwa, ga ofishinta a cikin garinmu. Mu huɗun nan, ba mai shi ko ɗaya. Mun kwana muna kiran wata nahiya, mun zubar da jikka 60, amma ba wanda ya taɓa tunanin hawa kabu-kabu ya je ya tambaya a gida. Da muka tambayi junanmu dalili, babbanmu ya ce: "Ai kun sani, ranar da ka rubuta sunanka can, ka kira wa kanka patanti." Tsoron ke nan, kuma ba mu kaɗai ke da shi ba. Mun taso muna ganin iyayenmu ƴan kasuwa na rufe shago in an ce masu lanho sun shigo layi.

Amma kuɗin intanet ba kamar cinikin tebur ba ne. Ta banki ko ta asusun da aka yi rajistarsa da katin ɗan ƙasa suke shigowa, kowane sisi da sawunsa. Ranar da suka yi yawa, banki zai tambayi daga ina, kuma "daga intanet" ba amsa ba ce. Mai NIF da rajistar kasuwanci ta RCCM yana da abin nunawa. Da su ake buɗe asusun kasuwanci, da su ake rubuta wa kamfani takardar biya in ya ba ka talla. A Yamai akwai Maison de l'Entreprise da ke haɗa takardun kafa kasuwanci a wuri ɗaya. Dokar OHADA da aka sabunta a 2010 ma ta tanadi matsayi na musamman ga ƙaramin mai sana'a shi kaɗai. Biyu daga cikinmu sun je sun yi NIF ɗinsu. Biyu na nan suna jan ƙafa, har yanzu muna gardama a kai duk dare.

Lambar da mutumin can ya turo mana, har yau ba mu san ta wa ce ba. Sa'armu ɗaya ba mu saka ta a takarda ba, domin W-8BEN da rantsuwa ake sa mata hannu, kuma bayanin ƙarya na iya jawo a rufe asusu da kuɗin da ke ciki. In kun riga kun sayi irin wannan lamba, ku nemi wanda ya sayar muku ya nuna CP 575 mai ɗauke da sunanku. In babu, kada ku yi aiki da ita.

Ƙanenmu bai sayi injin nasa ba tukuna. Amazon na biya ne kusan kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki, shi ya sa kullum yana ƙirga kwanaki a bangon shagonsa. Mun yi masa alkawarin mayar masa da kasonsa na jikka 60 ɗin, tunda mu manya ne muka ce a tura.

Duk wanda yake da ƙane ko ƙanwa da ke wannan sana'a a Tasawa, Madawa, Ƙonni ko Mirriya, ya tura masa rubutun nan kafin wani ya riga shi da lambar tura kuɗi. Wanda kuma ya yi NIF ɗinsa a wata jiha, ya gaya mana yadda ta kaya a can, biyun nan namu su ji.