Faifan da na so in jefar

'Yan'uwa, a shekarar 2010 na ɗaura kyamara biyu bisa katako, tazararsu santimita 6 da rabi, gwargwadon tsakanin idanun mutum, na ɗauki mahaifina yana shan shayi a zaure. Na haɗa hotunan a kwamfuta, na hagu ja, na dama shuɗi-kore, na zuba su a faifan DVD na gama-gari. Matsewar da faifan ke bukata ta ɓata launin, inuwa ta fito gefen rawaninsa, har na so in jefar.

Bayan rasuwarsa, ɗiyata ta sa tabarau mai launi biyu, ta miƙa hannu za ta taɓa gemunsa.

Ku adana naku ko da aibi, ku kwafe shi, domin faifai yakan lalace. Allah Ya jiƙan magabatanmu.