Sama, In Ji Inna

Saura kwana huɗu ƙaramar sallar 2024, telolin Birik sun daɗe da rufe karɓar ɗinki. Wanda ya san unguwarmu ya san yadda take a goman ƙarshe: ƙarar keke da hayaƙin tsire tun daga bakin titi har cikin lungu, shaguna a buɗe har sahur, kowane tela da tulin shadda da atamfa a bayansa. Birik ɗin ita ce Briqueterie, unguwar Hausawa a Yawunde, wadda ta samo sunanta daga wurin buga tubali na zamanin Jamusawa. Mu dai gidanmu ba a taɓa kai ɗinkin yara wurin tela ba. Inna ke yi, a kan baƙar Butterfly ɗinta ta ƙafa, wadda Baba ya saya mata a kasuwar Mokolo a ƙarshen 1993. Makonni kaɗan bayan nan, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Har Allah ya yi masa rasuwa Baba bai gaji da ba da labarin wannan sa'a ba.

A watan Sha'aban Inna ta yanka rigar 'yata. Kafin ta haɗa ta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Hannun dama ya tsaya, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ta yi ta kokawa da ita kafin ta fito. Tun da aka sallamo ta daga asibiti idonta na kan ledar da yankakkiyar atamfar take. Na ce ni zan ɗinka, a gabanta, a kan kekenta.

Taka keke kam na iya tun ina firamare. Abin da ban sani ba shi ne duk shekarun nan Inna ce ke saita shi, ni zama kawai nake yi in taka. Na sa zare, na ja layin farko, sama ya fito tsaf. Da na juya yadin sai na ga ƙasa ya cukurkuɗe kamar gemun masara. Na warware, na sake, haka dai.

A makarantar aikin jarida an koya mana cewa inda hayaƙi ke fita, can ake neman wuta. Ɓarna a ƙasa take, don haka na nufi ƙasa. Na ciro ƙoshiya, gidan ƙarfen nan da kwarkwaro ke zama a ciki, na sa bakin wuƙa na ɗaure ɗan notinta. Abin ya ƙara lalacewa. Na ƙara ɗaurewa.

Inna tana kwance a kan katifa tana kallona. Ta ce, “Sama.”

Afrilu ne, damina ta kankama, hadari ya haɗo ta wajen dutsen Febe. Na ƙwala wa yarinya kira ta kwashe shanya. Inna ta sake cewa, “Sama.” Na ce, “An kwashe, Inna, kwantar da hankalinki.” Ta dube ni jim, sannan ta juya fuskarta bango.

Washegari da na sauka daga shirin safe, na ƙulle ƙoshiyar a hankici na wuce Mokolo, wurin wani dattijo mai gyaran keken ɗinki. Ya riƙe bakin zaren, ya saki ƙoshiyar tana lilo, ya girgiza hannu. Ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, “'Yata, wa ya shaƙe wannan haka?” Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, ni ce.” Ya yi ta sassauta notin kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har sai da ya zama in ya fizgi zaren ƙoshiyar ta sauko kamar faɗin yatsa biyu ta tsaya. Ya ce nan ba a taɓa shi sai dole, in ma dolen ta zo, kwatan juyi ake yi.

Sai ya sarƙe manuninsa biyu ya nuna min. Kowane ɗinki zare biyu ne, na allura da na kwarkwaro, suna jan juna, kuma wurin da suka sarƙe a tsakiyar yadi ya kamata ya ɓuya. Wanda ya fi ƙarfi shi ke jawo ƙullin gefensa. In kin ga zare ya yi lauje-lauje a ƙasa, ba na ƙasan ba ne, na sama ne ya yi sako-sako aka janyo shi ya zube can. In kuma zaren kwarkwaro ya leƙo sama ɗigo-ɗigo, yadi na tattarewa, zare na tsinkewa, to saman ne ya matse da yawa. Sannan ya yi min tambayar da ta kashe min jiki: lokacin da na sa zare, ƙarfen da ke danne yadi a ɗage yake ko a sauke? Ashe 'yan faifan ƙarfe biyun nan da zaren sama ke bi tsakaninsu sai an ɗaga madannin suke buɗewa. In a sauke yake suna manne da juna, zare ya hau bakinsu ya wuce ba abin da ya riƙe shi, ko da kuwa za ki murɗa notin har ƙarshe. Ya miƙo min ƙoshiyar ya ce, “Matsalarki a sama take.”

Na tsaya cikin hayaniyar Mokolo, masu tura baro suna ce min in kauce. Ni ce ake biya albashi don in saurara. Mai sauraro ya bugo waya layi na yankewa, rabin maganarsa iska ta tafi da ita, amma in tsinci abin da yake nufi in maimaita wa duniya. Uwata ta tattara ƙarfin da ya rage mata ta faɗi kalma ɗaya sau biyu, na tura a kwashe shanya. Gaskiyar da ban so na faɗa ba ita ce tun ranar da harshenta ya yi nauyi na fara ɗaukar maganarta kamar ta yara, in amsa da lallashi ba tare da na ji ba. Ba ni kaɗai ba ce a gidan, amma ni ce ya fi kamata in sani.

Da na koma na durƙusa gefen katifar na ce, “Inna, zaren sama kike nufi jiya.” Ta lumshe ido. Ni da ƙanena muka jawo keken har jikin katifar, muka jingina ta da matashi. Na ɗaga madanni, na zura ƙyalle tsakanin faifan, ya fito da ƙura da ɓurɓushin zare na wata biyu. Na sa sabuwar allura lamba 14. Na ɗaura jan zare a sama, fari a kwarkwaro, yadda dattijon ya ce, don in gane wanda ke leƙowa, na ninka ragowar atamfar biyu don gwaji.

Kafin in taka, Inna ta miƙo hannun hagu. Na sauke madanni, ta kama zaren ta ja a hankali tana jin nauyinsa a yatsa. Ta ce, “Ƙara.” Na murɗa rabin juyi, na ja layi. Ja yana ɗan leƙowa ƙasa. “Ƙara.” Na sake. A layi na huɗu ban kai ga juya yadin ba ta ce, “Ya isa.” Da kunne ta ji. Ni ma sai a lokacin na lura ƙarar keken ta daidaita, ta koma irin wadda muke barci a kanta muna yara. Na juya: ja a sama, fari a ƙasa, babu wanda ya shiga gonar wani.

Daren sallah na gama rigar, wajen ƙarfe ɗaya. Na miƙa mata. Kamar yadda take yi wa kowane ɗinki, fuskar ba ta dame ta ba, ta sa hannun hagu ta juya rigar ciki waje, ta bi layin da farce tun daga wuya. A hammatar dama, inda barci ya sa na yi gaggawa, farcen ya tsaya.

Ta ce, “Warware.”

Na ɗauko reza.