Gona Mai Tafiya

A ƙasar Sudan akwai wata babbar mota da ake kira sifinja. A Larabcin ƙasar, sifinja shi ne takalmin roba mai taushi, wanda Hausawan Najeriya suke kira silifa. Direbobi ne suka laƙaba mata sunan, gama sun ce tafiyarta da laushi idan aka gwada ta da motocin da suka riga ta. Sunanta na yanka kuwa Bedford, samfurin TJ, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a shekarar 1958. Dattawan Kano da Jos da Zariya sun san ta sarai, mai dogon hanci da bodin katako. A 1986 kamfanin ya daina ƙera manyan motoci, a Ingila kuma aka fara mantawa da ita. Amma a Sudan ba a yi mata jana'iza ba. Makanikan Shandi da Al-Ubayyid da Wad Madani sun ci gaba da kwance ta suna sāke ginawa, suna ƙara wa shasinta ƙarfe, suna ƙara mata sifirin, har ta riƙa ɗaukar kayan da waɗanda suka zāna ta ba su taɓa tsammani ba. A 2009 wata Bajamushiya, Valerie Hänsch, ta yi fim a kan waɗannan makanikai, ta kira motar amaryar ƙarfe.

Mai karatu zai iya jin labarin masu son tsofaffin motoci a Amurka, waɗanda suke neman Pontiac GTO ta 1964 ko Ford Mustang ko Dodge Charger, motoci masu manyan injuna da ruri kamar na zaki. Mutum zai kashe dukiya domin ya mayar da motar daidai yadda ta fito daga masana'anta, har lambar injin ta dace da takardun asali, sa'an nan ya lulluɓe ta da mayafi, ya fito da ita ranar hutu. Wannan ba laifi ba ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai dai a yankin Managil, mota mai ƙarfi ita ce wadda za ta fita daga taɓo da buhunan dawa a bayanta, gyaranta kuma ba wasan masu kuɗi ba ne.

Managil tana yamma da Wad Madani, a tsakiyar filin noman Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. An buɗe wannan gandu a 1925 sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka kuma faɗaɗa shi zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950. Hausawa sun riga magudanan ruwan isowa. Waɗansu mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanya, waɗansu kuma sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Maiwurno kusa da Sinnar. Da aka raba gonakin da ake kira hawasha, da yawa daga cikinsu ba su samu ba. Suka zama masu tsinkar auduga da yankan dawa, suna zaune a bakin magudanan ruwa cikin unguwannin ma'aikata da ake kira kambo. Mutum zai haifi 'ya'ya a kambo, ya ga jikoki a can, amma ƙasar da ɗakinsa yake kai ba tasa ba ce.

A irin wannan kambo aka haifi mutumin da wannan labari ya shafa. Tun yana yaro ya tsinki auduga tare da mahaifiyarsa, da ya tasa sai ya zama yaron mota a wata sifinja ta wani attajirin Managil. Shi ne mai sa wa taya waigi, mai ɗebo ruwan lagireto, mai dafa shayi, mai kwana a ƙarƙashin mota. Bayan shekaru ya kama sitiyari. Ya kai auduga gidajen gurza na Marinjan da Hasahisa, ya kai gyaɗa da dawa kasuwar Omdurman, ya san kowace gada da kowane kwazazzabo. Sa'ad da attajirin ya rasu, magada suka sayi motocin Japan, suka jingine tsohuwar a bayan wani shago. Ta yi damina da yawa a can. Awaki suka ci kujerarta, yara suka farfasa gilashinta.

Ya saye ta ne jim kaɗan bayan rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, lokacin da kuɗin ƙasar ya fara zubewa, kowa kuma yana neman abin da zai riƙe a hannu. Ya sayar da shanunsa biyu da awakin matarsa, da yardarta. Mutanen kambo suka yi ta dariya, suna cewa ya sayi gawa da kuɗin mai rai. Matarsa ce ta rufe bakinsu da magana ɗaya. Ta ce, "Ku nuna mini wanda yake da takardar wani abu a cikinku. Maigida yana da takardar motarsa, da sunansa a rubuce." Gaskiya ta faɗa. A gidan nan, tun daga kakansa da ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, ba wanda ya taɓa mallakar abin da hukuma ta buga wa hatimi. Motar ita ce hawasharsa.

Aka jawo ta da tarakta zuwa garejin wani dattijon makaniki, wanda kowa yake kira Usta, wato shugaban masu sana'a. Usta ya zaga ta sau biyu, ya ƙwanƙwasa shasin da guduma daga gaba har baya yana kasa kunne, sai ya ce a sauke kome. Suka cire bodi, suka ɗaga kan motar, suka sauke inji da giya, har ya rage dogayen ƙarafa biyu kwance a ƙasa kamar haƙarƙarin raƙumi. A nan aikin yake farawa, gama mota mai ruɓaɓɓen shasi, kome kyan fentinta, akwatin gawa ce. Sun sami tsaga biyu kusa da inda sifirin na baya yake kamawa. Usta bai yarda a yi walda kawai a rufe ba. Ya sa aka yanko wani ƙarfe, aka shimfiɗa shi cikin na farko, aka huda, aka ɗaure da kusoshi, domin walda kaɗai tana sa ƙarfe ya yi tauri ya sāke tsagewa a gefenta. Wannan aiki ya ci watanni, ba domin wuyarsa ba, sai domin kuɗin da yake shigowa kaɗan-kaɗan. Mai motar yana tuƙa motar wani da rana, abin da ya samu ya kai gareji da yamma.

Injin shi ne na dizal mai silinda shida da ake kira 330. Ruwan sama ya shiga biyu daga cikin silindojin, fistin suka kafe da tsatsa. Sai da aka jiƙa su da man gas kwana da kwanaki kafin su motsa. Aka kai gangar injin da karanshaf unguwar masana'antu ta Wad Madani aka gyara su a injin sassaƙar ƙarfe. Fistin da ringi an samo su, waɗansu ƙirar Indiya, waɗansu daga gawar wata sifinja a Kosti. Abin da ya fi ba da wahala shi ne famfon mai, wanda yake auna wa kowace silinda rabonta. Wannan ba aikin guduma ba ne, ƙurar da ido ba ya gani tana iya lalata shi. Mai motar ya naɗe shi cikin sabon zane, ya rungume shi a cinya har Omdurman, ya zauna a ƙofar shagon mai gyara kwana uku.

A kan injin nan ne gardama ta tashi. Yana da ɗan 'yar'uwa wanda yake aiki a Saudiyya, yaro mai hankali da lissafi, shi ne kuma yake aiko da taimako. Ya buga waya ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, amma kana zuba ruwa a kwando. Bari in aiko a sa injin Japan. Ya fi gudu, ya fi ƙarancin shan mai, kayan gyaransa kuma suna kowace kasuwa." Kawun ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma wannan injin na san muryarsa. Idan ya yi tari da dare a bakin magudana, na san abin da yake damunsa tun ban sauka ba. Naka na Japan, da wane harshe zan yi masa magana?" A lissafin kuɗi yaron ne mai gaskiya, shekarun da suka biyo baya ma sun nuna haka, sa'ad da aka janye tallafin mai a 2013, da kuma layukan mai na 2018. Amma dattijon ba taurin kai kaɗai yake yi ba. Direban da yake nesa da gari, abin da zai iya gyarawa da sifana da waya ya fi masa abin da sai an kira masani.

Abin mamaki shi ne, shi wannan mai riƙon tsohon inji bai damu da asali irin na Ba'amurken nan ba ko kaɗan. Giyar ta wata mota ce dabam. Gatarin baya daga wata motar soja ya fito. Bodin ƙarfe maƙeran Managil ne suka ƙera shi, tankin mai na biyu kuma Usta ne ya lanƙwasa shi da hannunsa. In an bi diddigi, abin da ya rage daga Ingila bai wuce kan motar da sitiyari da ɗan faifan ƙarfe mai lambar shasi ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa shakkar cewa motar attajirin ce ta tashi. Da ma yadda mai motar ya san ta tun yana yaron mota, ta riga ta bi ta hannun makanikan Sudan sau da yawa. Siffar da yake so ya komo da ita, tasu ce.

Aka yi mata fenti shuɗi, da jan layi da rawaya a gefe. A saman gilashi, inda direbobi suke rubuta kirari ko addu'a, ya sa aka rubuta sunan kambonsu, sunan da ba ya cikin taswira. Ranar da ta shigo unguwar tana ruri, mata suka yi guɗa, waɗanda suka yi dariya a dā su ne suka fara hawa. Shekara kusan goma ta ciyar da gida. Ta kai amare, ta kai marasa lafiya asibitin Managil da tsakar dare, ta biya kuɗin makarantar yara.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023. A Disamba na shekarar nan dakarun RSF suka kama Wad Madani, suka bazu cikin ƙauyukan Jazira, abin da suka fi nema kuwa shi ne motoci. Garin Managil ya zauna a hannun soja, amma kambon yana gabas da garin, inda ba wanda ya san wa zai wayi gari a kansa. Sai dattijon ya yi abin da ya fi masa ciwo. Ya ɗauki sifanar da ya gina motar da ita, ya fara kwance ta. Ya cire famfon mai, ya naɗe shi a leda da buhu, ya binne a ƙarƙashin murhu. Ya cire tayoyi ya rarraba gidajen maƙwabta, ya ɗora motar a kan tubala, ya yaɓe shuɗin fentin da taɓo da baƙin mai, ya bar kaji suka hau. Da masu bindiga suka zo a kan babura, suka leƙa, suka ga gawa, suka wuce.

Da abin ya tsaya nan, da an ce dabara ta yi. Amma mutane suka fara wucewa ta bakin magudana da ƙafa, daga ƙauyukan gabas, suna neman Managil. Tsofaffi a kan amalanken jaki, mata da goyo, masu ciwon sukari da ƙafafunsu suka kumbura. Yana zaune a ƙofar gida yana kallonsu, motar da za ta ɗauki mutum sittin tana bayansa a kan tubala. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Matarsa ba ta ce masa ya yi ko kada ya yi ba. A dare na uku ta kashe wuta, ta kawar da duwatsun murhu, ta miƙa masa fartanya.

Kafin asuba samarin unguwa sun mayar da tayoyi. Bai wanke taɓon ba. Man da aka samu na bayan fage ne, mai tsada, gauraye da abin da Allah kaɗai ya sani, fasinjoji ne suke haɗa kuɗinsa, wanda ba shi da shi kuma ba a bar shi a ƙasa ba. Yana bin gefen magudanan ruwa da dare ba fitila, hanyoyin da ya sani tun zamanin auduga. Bai ƙidaya sawun da ya yi ba. A ɗaya daga cikinsu tiyon lagireto ya fashe, ana jin harbi a baya, tsayawa kuwa ba ta yiwuwa. Ya ji muryar injin ta sāke, ya san abin da yake faruwa, ya ci gaba da taka mai. Ta kai su bakin garin Managil, ta tsaya. Da gari ya waye aka ga gangar injin ta tsage daga sama har ƙasa, irin tsagar da ba Ustan da zai iya ɗinkewa.

Soja sun karɓe Wad Madani a Janairu 2025, mutane suka fara komawa. Unguwar masana'antu da aka gyara karanshaf a cikinta an wawashe ta, Usta kuma ya tafi wajen 'ya'yansa a gabas bai dawo ba. Yaron Saudiyya ya sāke bugo waya, wannan karo a hankali yake magana. Kawun ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "To, ɗana, aiko da na Japan ɗin. Zan koyi harshensa." Almajirin Usta ne ya ɗora sabon injin, ya ƙera masa mazauni a kan shasin. Tsohon 330 kuwa masu sayen ƙarfe sun taya shi sau biyu, ya hana. Yana ƙarƙashin bishiyar darbejiya a tsakar gida, an rufe shi da tamfol, jikokinsa suna zama a kai su ci gyaɗa.