Achida, Gaɓar Teku a Kan Tudu

Wanda ya bar Sakkwato da hantsi ya bi hanyar Goronyo, ba zai cika awa guda ba zai iske kansa a Achida. Na sauka can ranar kasuwa, na tsaya a bakin titi ina kallon 'yan dako suna jibga buhunan albasa a manyan motoci, ga shanu ana tura su kara. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne Apapa. Aikin tashar jiragen ruwa bai wuce tara kayan ƙasa a miƙa su ga duniya ba, kuma shi Achida ke yi wa fadamar gulbin Rima. Shinkafar Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka rufe shi a 1837, da albasa da tafarnuwar da ruwan madatsar Goronyo ke shayarwa, da dabbobin ƙasar Rabah, a nan suke haɗuwa.

Sai dai teku na da nisa. Tsakanin Sakkwato da Legas akwai kimanin kilomita 1,000, kuma duk a kan taya ake cin su. Layin dogo ya tsaya a Ƙaura Namoda tun 1929, bai ƙaraso ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Katsina da Jibiya ya bi. Albasa kuwa ba ta san haƙuri ba. Kwana biyu na tsaiko a hanya ya isa ya mai da ribar manomi wari.

Abin da ya rage wannan nisa wayar salula ce. Kafin a ɗaure buhu, dillali ya ji farashin kasuwar Mile 12, kuɗi kuma ta na'urar POS suke shigowa. Ba a gane nauyin wannan ba sai a Satumbar 2021, da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 don daƙile 'yan bindiga. Fatauci ya koma na kirdado. Wata guda bayan haka aka far wa kasuwar Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Ni dai ban gamsu cewa rufe bakin wanda ake zalunta dabarar tsaro ba ce, ko da niyyar mai kyau ce.

Da la'asar sakaliya na ga wani dattijo riƙe da waya, yana tambayar ɗansa direba ko ya wuce Kwantagora. Sai da ya ji amsa sannan ya shimfiɗa buzunsa.