Ranar da Baba ya karanta takardata

Ƴan uwa, ni mutumin Gafati ne, ɗan manomi. Labarin karatuna zan ba ku, har da wurin da na ji kunya.

Na ci jarrabawar bak a shekarar 2014. Bak ita ce jarrabawar ƙarshen lise, wadda ke buɗe wa yaro ƙofar jami'a. A da, sai ɗan Damagaram ya tafi Yamai, tafiyar kilomita kusan 900. Amma a 2010 gwamnati ta kafa jami'a a Zinder, wadda yau ake kira da sunan André Salifou, malamin tarihi ɗan garin, wanda ya rasu a 2022. Can na shiga. A lokacin makarantar ƙarama ce. Malami yana iya sanin sunanka, in ba ka zo ba kuma a gane.

Na zaɓi ilimin ƙasa, wato sanin ruwa da iska da ƙasar noma da zaman mutane. Karatun shekara 3 ne kafin a ba ka takardar lisansi. Baba ya sayar da rago ɗaya da buhun wake, ya biya mini kuɗin ɗaki. Inna ta ɗaura mini gumba da ƙuli-ƙuli.

Mu huɗu muka kama ɗaki a Garin Malam. Akwai Babarbare daga Difa, da Buzu daga Tanut, da Bazabarme daga Doso. Ni ban taɓa cin abinci ƙwarya ɗaya da Bazabarme ba sai nan. Hausarsa tana ba mu dariya, shi ma Faransancina yana ba shi dariya. Ruwa yana wuya a Zinder, kowa ya sani. Muka raba kwanaki, kowa da ranar ɗaukar jarka. Ranar da kuɗi ya ƙare, garin rogo da sukari ne abincin dare.

To, ga inda na ɓata. A ƙofar gidan akwai fada, inda samari ke dafa shayi har tsakar dare. Na fara zama. Yau kati, gobe hirar ƙwallo. Babu mai tashe ni da asuba kamar Baba, babu mai duba littafina. A jami'a malami ba ya bin ka da bulala. Ya yi bayaninsa ya tafi, sauran aiki naka ne. Ni kuwa ina ganin na riga na zama babban mutum. In na je gida ranar hutu, sai in riƙa jefa Faransanci cikin magana. In Baba ya kawo zancen gona, sai in duba waya.

Jarrabawa ta zo. Ana ba da maki bisa 20, kuma sai ka samu 10 ka wuce. Na samu 7.

Na naɗe takardar na sa aljihu. Na ce a raina, ai Baba bai yi lakwal ba, me zai gane? Abin da ban sani ba, tun bayan girbi yana zuwa ajin yaƙi da jahilci da dare. Bai gaya mini ba. Ni ma ban tambaya ba.

Da na isa gida, bayan sallar isha, ya ce: «Kai, ina takardar?» Na ba shi, na ce komai lafiya. Ya kunna fitila, ya sa yatsa bisa takardar, yana bi a hankali. Faransanci ne, bai iya ba. Amma lamba lamba ce, ko da wane harshe. Ya daɗe. Sannan ya ce: «Wannan bakwai ce. Wannan kuma ashirin. In na shuka rami ashirin, bakwai suka tsiro, ba na cewa lafiya.»

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardar ya ba ni da hannu biyu. Da ya mare ni, da ya fi mini sauƙi. Daren nan ban yi barci ba, ina ta tunanin ragon.

Na koma na maimaita shekarar. Na bar fada, sai gaisuwa. Abokina Buzu ne ya riƙe ni. Kullum bayan magariba mu zauna, in faɗa masa darasi da Hausa. Abin da na kasa faɗa da Hausa, to ban gane shi ba ke nan, sai mu sake dubawa.

A shekarata ta ƙarshe malaminmu ya ce kowa ya koma ƙauyensu ya tambayi manoma yadda gonaki suka canza. Wa zan tambaya? Na ɗauki littafi da biro, na bi Baba gona. Ya ba ni labarin farin 1984, yunwar da ake ce wa El Buhari, yadda daji ya ƙare, iska ta riƙa binne shuka. Ya nuna mini gawon da ya bari tun yana tsiro. Ya ce gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi. Da rani ƴaƴansa abincin bisashe ne. Ya nuna mini yadda ake rage rassan kututture a bar biyu ko uku masu ƙarfi. Wannan shi ne sassaben zamani. A aji mun karanta cewa manoman Magarya da Matamai da Mirya sun mayar da itatuwa masu yawa gonakinsu ta haka, har masana daga Turai da Amurka suna zuwa gani. Ashe malamin abin yana gidanmu.

Kwana 6 muka yi. Ni ina rubuta maganarsa da Hausa, shi yana leƙa littafin, yana cewa: «Nan ka bar kalma, ba haka na ce ba.»

Aikin ya samu 15. Da na kai takardar gida, ban ce komai ba. Ya kunna fitila, ya sa yatsa, ya karanta da kansa. Sai ya kira Inna ya ce ta zo ta gani.