Ɗan Bakin Iku Da Ƙaguwar Teku

Akwai wani mutumin Suleja, yanzu furfura ta game masa kai, wanda tun yana yaro ba shi da wasan da ya fi so kamar kamun ƙaguwa a rafin Iku. A zamanin nan Abuja ake ce da garin, kafin a ɗauki sunan a sa wa sabon babban birnin da Gwamnatin Tarayya ta ƙudura ginawa a 1976. In damina ta ja baya sai su tuɓe riguna su faɗa gurbi, su yi ta laluben ƙarƙashin duwatsu. Gwani a cikinsu shi ne wanda ya fi daɗewa bai ɗago kai ba, kamar dai masu gasar nutso a bikin Argungu, shi kuwa babu yaron da ya taɓa kā da shi.

Da karatu ya kai shi Plymouth, a gaɓar tekun Ingila, sai ya tarar mutane na nutso don nishaɗi kawai, suna kamo ƙaguwa da hannu. Sukan goya tukunyar iska, su sa gilashin fuska da takalman roba masu kama da ƙafar agwagwa. Na'urar shaƙar iskar kuwa Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943, watau Jacques Cousteau da Emile Gagnan.

Ya shiga koyo yana ganin ai aikin gida ne. Ashe ba haka ba. Dokar farko da malamin ya kafa masa ita ce kada ya kuskura ya riƙe numfashi, alhali kuwa riƙe numfashin nan shi ne dukan abin alfaharinsa. Dalili, a zurfin mita 10 nauyin da ke danne mutum ya ninka na bisa ruwa. Wanda ya cika huhunsa daga tukunya a can ƙasa, sa'an nan ya taso bai fitar ba, iskar za ta kumbura ta ninka, ta yaga huhun. Yaron Iku da iskar sama yake nutsewa, ita yake komowa da ita, don haka bai taɓa sanin wannan haɗari ba.

Ran nan, suna cikin wani kwazazzabon dutse, ya hango wata ƙatuwar ƙaguwa, faɗin bayanta ya kai tafin hannu biyu. Ya zura hannu irin na da. Ta kuwa damƙe masa yatsa ta cikin safar roba, zafi ya kai masa har ƙwaƙwalwa. Nan take karatun Ingila ya gudu, yaron Iku ya dawo: ya guntse numfashi ya yunƙura zai yi sama. Allah ya sa malamin yana kusa, ya cafke masa ɗamara, ya dinga bubbuga masa ƙirji har kumfa ta fara fita daga bakinsa. Suka taso a hankali, ƙaguwar tana maƙale da safar.

Da suka hau jirgi aka juya cikinta, sai ga ƙwai cunkus. Dokar ƙasar ta hana a kai mai ƙwai tudu. Da yatsan nan mai jini ya ɗauke ta ya mayar da ita ruwa.